Amsa ga ƙanena mai tambaya kan Dr. Dre da aron baitoci

Assalamu alaikum ƙanena.

Ranar da muke hirar waƙar gambara a rediyo ka bugo waya ka ce: mutumin da wasu ke rubuta wa baiti, da wane dalili muke kiransa gwarzo? Dr. Dre kake nufi. Lokaci ya ƙure mana a ranar, to ga amsarka.

Zarginka gaskiya ne. Jay-Z ne ya rubuta masa waƙar “Still D.R.E.” ta 1999, kuma tun zamanin da yake ƙungiyar gambara ta N.W.A irin su Ice Cube da MC Ren da The D.O.C. ke riƙe da alƙalami. Sai dai ka auna shi da mudun da ba nasa ba.

Andre Young, wato Dr. Dre, wanda aka haifa a Compton ta jihar Kalifoniya a 1965, da juya faifai a gidan rawa ya fara, cikin ƙungiyar World Class Wreckin' Cru. Kunne ne jarinsa tun can. Kafin ya bar N.W.A a 1991, gambarar da ke tashe mai gudu ce da hayaniya, an cusa mata gutsattsarin tsofaffin faifai ta kowace kusurwa. Da ya fitar da kundinsa The Chronic a ƙarshen 1992 sai ya sassauta gudun. Ya koma ga kiɗan George Clinton, mawaƙin salon funk, na shekarun 1970, kuma sau da yawa maimakon ya yanko daga faifai, sai ya kira masu jita da fiyano su sake buga masa a studiyo yadda yake so. Ya shimfiɗa amo mai nauyi a ƙasa, irin wanda ke girgiza ƙofar mota, a sama kuma wata siririyar muryar na'ura tana ta fito. Wannan ne aka kira G-funk. Sa kundin yau ka saurara da kyau: kowane sauti na zaune a mazauninsa, ganga ba ta danne murya ba, murya ba ta danne jita ba. Duk wanda ya taɓa kwana a studiyo yana haɗa sauti ya san wuyar wannan.

Da wannan kunnen ya tsinto mutane. Snoop Dogg ba a san shi ba sai da ya hau kiɗan Dre. A 1998 ya ɗauki Eminem, farar fata daga Detroit, a kamfaninsa na Aftermath, lokacin da ake ganin kasada ce. Sai 50 Cent, sai Kendrick Lamar ɗan garinsu. Waɗanda suka yi aiki da shi suna ba da labarin yadda yake sa mawaƙi ya yi ta maimaita layi guda har ransa ya ɓaci. Wannan tsantseni nasa yakan wuce gona da iri ma, don kundin Detox an fi shekara goma ana jiransa, ƙarshe bai fito ba.

In laifinsa kake nema, ba sai ka je ga baiti ba. A Janairun 1991 ya lakaɗa wa Dee Barnes duka a wajen wata liyafa a Los Angeles, mace mai gabatar da shirin gambara a talabijin. Bai musa tuhumar a kotu ba, aka ci shi tara. Fim ɗin tarihin N.W.A na 2015, wanda yana cikin masu shirya shi, ko da baki bai taɓo zancen ba. Sai da aka yi ca a kansa sannan ya fito ya nemi gafarar matan da ya cuta, shekara 24 bayan dukan, kuma shekara guda bayan Apple ya sayi Beats, kamfanin na'urorin sauraron kiɗa da yake cikin masu shi, kan dala biliyan 3. Da kan wannan ka bugo wayar, da ban sami bakin kare shi ba.

Wassalam,
yayanka.