Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Zamfara Kan Kayan Tallafin Masu Buƙata Ta Musamman

Mai Girma Gwamna Dauda Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ban girma, ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a nan Gusau. Shan inna ya kama ni tun ina goye, kuma a kan keken guragu nake zuwa makaranta da masallaci da kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na yi karambanin rubuto maka.

A bayan ɗakina akwai wata kujera mai taya da wata ƙungiya ta ba ni a wajen taron rabo. An ɗauki hoto, an tafa, kowa ya watse. Babu wanda ya auna faɗin ƙuguna ko ya tambaye ni irin hanyar da nake bi. Kujerar irin ta asibiti ce, mai ƙananan tayoyin gaba, wadda aka ƙera domin daɓen siminti. Da ta shiga rairayin unguwarmu sai ta kafe. Cikin wata uku tayar gaba ta karye, na zagaye kasuwa ban sami irinta ba. Yanzu kaji ke ƙwai a cikinta. Keken da nake hawa kuwa mai walda ne ya haɗa mini da kayan keke na gari, taya da sarƙa da birki, duk mai facin bakin titi zai iya gyara shi.

Nawa da sauƙi, tunda jikina yana ji. Wanda harsashin 'yan bindiga ya taɓa masa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Idan aka ɗora shi a kujerar da ba daidai da jikinsa ba, babu matashin da ke rage dannuwa, sai gyambo ya ɓullo masa a mazaunai bai sani ba. Wannan gyambo yana kisa. Mutum ya tsira daga daji, kyauta ta ƙarasa shi a gida.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoton cewa sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar irin waɗannan kayan, daga tabarau zuwa ƙafar roba, kuma kusan biliyan ɗaya ba sa samu. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 kawai na mabuƙata ke samu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da hukumar ta shimfiɗa na bayar da kujera: a duba mutum, a daidaita masa ita, a koya masa amfani da ita, sannan a riƙa bibiyarsa da gyara. Mu a nan miƙawa kawai muka iya.

Dubi kurame. Sanƙarau ya yi mana ɓarna a 2017, kuma daga cikin abin da yake bari a baya akwai kurumta. Na'urar taimaka wa ji tana aiki da ɗan ƙaramin batir da ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Robar da ake cusawa a kunne kuma dole a sake ta duk lokacin da kunnen yaro ya girma. Uban da ke Zurmi ko Shinkafi, ina zai sami batirin? Sai a nannaɗe na'urar a tsumma a jefa ta cikin kwalla. Haka ƙafar roba take. Yaro yana girma, ita ba ta girma. Da yawa sai sun je asibitin ƙashi na Dala a Kano, a je gwaji, a dawo, a sake komawa karɓa, ga kuɗin mota, ga fargabar hanya. Ban ma taɓo yaran da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ba, lokacin da sama da yara 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu har yau iyaye ke ɗawainiya da su.

Abin da ke tafe ya fi ba ni tsoro. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma kusan duk waɗannan kayan daga waje suke zuwa. A 2025 Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta bayar da agaji ga ƙasashen waje, masu bayar da agaji suna ta tsuke aljihu. A gefe guda masu buƙata ƙaruwa suke yi: ciwon suga yana sa a yanke ƙafa, hawan jini yana shanye ɓarin jiki, ga haɗarin babur, ga tsufa da ke jiran kowa. Rahoton da na ambata ya yi hasashen mabuƙata za su kai biliyan 3.5 nan da 2050. Kuma rayuwa duk tana komawa cikin waya, daga tura kuɗi har rajistar jarrabawa. Wayoyin Android suna da TalkBack mai karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya, akwai kuma NVDA ta kwamfuta, kyauta. Amma makahon da bai yi boko ba, wa zai zauna ya koya masa?

Dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda za mu iya shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. A sa wani ya hau keke ya zagaya ma'aikatu, ya dawo ya ba ka labari.

Roƙona, ranka ya daɗe, bai kai kuɗin titi kilomita ɗaya ba. A buɗe wurin aunawa da gyara a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, kowane yanki ya sami nasa. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura, muna da ta Abdu Gusau a Mafara, ɗalibansu za su iya ƙera keken da ya dace da ƙasarmu idan likitocin gashin ƙashi suka nuna masu awo. A ɗauki guragu da kurame aikin gyaran, don mun fi kowa sanin inda keke ke fara lalacewa. A ware kuɗin batir da taya da matashi a kasafin kuɗi da sunansu, kada a cusa su ƙarƙashin "tallafi". Wajen ƙidaya kuma a nemi Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, domin sun san mutanensu gida-gida, har da matan da ke ƙunshe a ɗaka waɗanda ba sa zuwa taro.

Ranar 3 ga Disamba ce ranar naƙasassu ta duniya. Kafin a sake jera sababbin kujeru a fili, ina roƙon a ɗauko sunayen waɗanda aka taɓa ba wa, a bi su gida a ga guda nawa ne ke tafiya har yanzu. Idan ana neman ɗan rakiya, ina tashi daga aji ƙarfe biyu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara.

Naka,
Wani malamin firamare,
Gusau.