Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA Kan Tsofaffin Burauza A Ofisoshin Gwamnati

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a matsayina na mai sana'ar gyara da kula da kwamfutocin ofisoshi, game da wata matsala da ke cin ma'aikata a ɓoye. Shafukan intanet suna ta rufe ƙofa ga tsofaffin burauza, wato manhajojin da ake buɗe shafukan da su, alhali kuwa da su ake aiki har yau a sakatariyoyin ƙananan hukumomi da ofisoshin ilimi da ɗakunan ajiyar bayanai na asibitoci da dama.

Babu wanda zai ce an yi masa ba-zata. YouTube ya daina aiki da Internet Explorer, tsohuwar burauzar kamfanin Microsoft, tun cikin Maris na 2020, Google Workspace ya biyo baya a Maris na 2021, sannan Microsoft 365 ya janye a ranar 17 ga Agustan shekarar. A ranar 15 ga Yuni 2022 kamfanin Microsoft da kansa ya yi wa Internet Explorer 11 ritaya. Masu Windows 7 da suka ga sun tsira saboda sun koma burauzar Chrome, su ma a farkon 2023 aka tsayar da su a Chrome 109, daga nan babu sauran sabuntawa. Duk waɗannan ranaku an sanar da su kafin zuwansu, amma sanarwar ba ta isa teburin akawun da zai wayi gari ya tarar shafin da ya saba buɗewa ya ƙi buɗuwa ba.

Ba na ganin laifin masu shafukan, kuma ba roƙo nake yi a sa su koma baya ba. Burauzar da mai ita ya daina toshe ɓarakarta hanya ce buɗaɗɗiya ga masu kutse, kuma tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai na TLS 1.0 da 1.1 an yi watsi da su tun 2020 saboda rauninsu. Banki ko hukumar da ta ci gaba da karɓar irin wannan burauza, dukiyar jama'a take kasada da ita. Abin da ke damuna shi ne wanda ke ɗaukar nauyin wannan sauyi a ƙasarmu, domin kusan kullum kan ƙaramin ma'aikaci yake faɗawa.

Na ga yadda abin ke kasancewa da idona a ofishin kuɗi na wata ƙaramar hukuma. Akawu yana da takardun biyan kuɗi da dole ya shigar kafin a tashi aiki, kwamfutarsa mai Windows 7 ce, kuma da ya buɗe shafin sai wani gajeren saƙo na Turanci ya fito cewa ya sabunta burauzarsa. Ya gwada, kwamfutar ta ƙi karɓar sabuwa. Ba shi da ikon sayen wata, kuma idan ya rubuta takardar buƙata ya san sai ta zaga tebura kafin a ce a jira kasafin baɗi. Sai ya kwafe fayilolin a filash, ya hau babur zuwa kafe, ya zauna gaban kwamfutar da kowa ke taɓawa, ya rubuta kalmar sirrin ofis a kanta, ga yara masu duba sakamakon jarrabawa tsaye a bayansa suna jiran layi. A cikin filash ɗin akwai sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki. Ranka ya daɗe, matakin da aka ɗauka domin tsaro ya ƙare da fitar da bayanan gwamnati zuwa wurin da ya fi kowane wuri rashin tsaro, kuma hakan na faruwa ne a ƙasar da ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Mutumin nan ba sakaci ya yi ba, aikinsa yake ƙoƙarin kammalawa domin a biya mutane haƙƙinsu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ya fi wuyar sha'ani. Wasu manhajojin cikin gida da 'yan kwangila suka gina shekaru da suka wuce ba sa aiki sai da Internet Explorer, har ma'aikata suna gargaɗin mai gyara da kada ya kuskura ya sabunta komai, don kada aikinsu ya tsaya. Ofishi ɗaya ke nan yana tsakanin manhajar da ba ta son sabuwar burauza da shafukan waje da ba sa son tsohuwa. Koriya ta Kudu, duk da cigabanta, ta daɗe a cikin wannan tarko, saboda tun ƙarshen shekarun 1990 ta ɗaure harkar banki da saye ta intanet a kan fasahar ActiveX wadda Internet Explorer kaɗai ke ɗauka, kuma sai da aka yi shekaru ana gyaran dokoki, har zuwa 2020, kafin ta kwance kanta. Microsoft ya bar wata kafa a cikin sabuwar burauzarsa ta Edge da ke buɗe irin waɗannan tsofaffin manhajoji, ya kuma ce za ta ci gaba aƙalla zuwa 2029. Wannan wa'adi ne aka ba mu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka buƙatata ta farko ita ce hukumarka ta sa a ƙidaya. A san kwamfutoci nawa ne a ma'aikatu da hukumomi ke kan Windows ɗin da ya daina samun sabuntawa, da kuma manhajojin da ba sa tashi sai da tsohuwar burauza, a kuma ja jihohi da ƙananan hukumomi a jiki, tunda can ne abin ya fi ƙamari. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ce Microsoft ya janye tallafin Windows 10, kuma Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, wato abin da ya sami masu Windows 7 yana nan tafe ga wasu. Na san kuɗin sauya kowace kwamfuta ba ƙarami ba ne, musamman da tsadar dala. Sai dai da yawa daga cikinsu lafiyarsu ƙalau, za su iya ɗaukar Linux a madadin Windows, da sabuwar burauzar Firefox, ba tare da kuɗin lasisi ba, idan har aikin da ake yi a kansu bai wuce shiga shafuka da buga takardu ba, kuma matasan da ake horarwa kan fasaha za su iya wannan aiki.

Tunda doka ta ba NITDA ikon tantance ayyukan fasaha na ma'aikatun tarayya kafin a aiwatar da su, ina roƙon kada a ƙara amincewa da manhajar da aka ɗaure ta da burauza guda, kuma kowace kwangila ta ƙunshi kuɗin kulawa da sabuntawa na shekarun da za a yi ana amfani da ita. Haka nan duk shafin gwamnati da zai daina karɓar wata burauza, a wajabta masa sanar da ofisoshin da ke amfani da shi ta takardar da za ta isa hannun shugaban sashe watanni kafin ranar, a rubuta gargaɗin a fuskar shafin da Hausa da sauran manyan harsunanmu tare da Turanci, a kuma sa lambar wayar da ma'aikaci zai kira a ɗauka.

Ina fatan za ka duba wannan koke da idon basira. Allah ya yi maka jagora, ya ƙara lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai gyaran kwamfuta daga Kano.