Jifa ɗaya, aikin mutum goma sha ɗaya: a daina ɗora wa mai jifa shi kaɗai

Zuwa ga Editan Sashen Wasanni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da tsokaci kan yadda filinku yake kawo labarin ƙwallon Amurka, musamman idan wasan ƙarshe na Super Bowl ya zo. Kusan kullum rahoton a kan mutum ɗaya yake tsayawa, wato kwatabak mai jefa ƙwallo. In an ci, shi ne gwarzo. In abokan hamayya sun cafe ƙwallon, shi ya zubar da wasa. Mai sauraro sai ya ɗauka abin bai wuce ƙarfin damtse da iya saiti ba, alhali rabin aikin an gama shi tun ƙwallo tana ƙasa.

Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne, kuma masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, shi dai yadin nan da ake auna atamfa da shi. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, tsakanin wani yunƙuri da na gaba daƙiƙa 40 ake bayarwa. Koci yana faɗa wa kwatabak tsarin da za a yi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, amma da zarar ya rage saura daƙiƙa 15 sai a katse layin. Daga nan sai abin da idon 'yan wasa ya gane musu.

Abu na farko da kwatabak yake dubawa shi ne masu tsaron can baya: biyu ne suka raba fili, ko ɗaya ne ya tsaya a tsakiya? In biyu ne, tsakiyar fili a buɗe take. In ɗaya ne, gefe-gefe ne ake samun mai cafewa da mai gadinsa su biyu kawai. Sai ya sa ɗaya daga cikin masu cafewa ya yi gudu daga wannan gefe zuwa wancan kafin a fara. Idan wani mai tsaro ya bi shi har can, to gadin mutum-da-mutum ake yi. Idan suka ɗan gusa kawai kowa ya riƙe gurbinsa, gadin yanki ne. Masu tsaro ma ba wawaye ba ne, sukan nuna wani tsari sannan su juye zuwa wani ana miƙa ƙwallo.

A daidai wannan lokaci santa, wanda yake miƙo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, yana nasa lissafin. Zai nuna ɗan tsaron tsakiya da yatsa ya kira lambar rigarsa, kuma daga wannan mutum ake ƙirga wa zai tare wa. Masu katanga, wato waɗanda suke jeruwa a gaba su kare kwatabak, su biyar ne. Yawanci mutum huɗu ne suke afko wa kwatabak, don haka akwai rara. Amma ranar da aka turo shida ko bakwai, in ba a ƙara masu tarewa ba, dole wani ya shigo ba mai tare shi. Maganin wannan an riga an tsara shi: akwai mai cafewa ɗaya da zai yanke gudunsa nan take ya waiwayo. Sharaɗin shi ne shi ma ya ga abin da kwatabak ya gani. In bai gani ba ya ci gaba da sheƙa gudu, ƙwallo za ta faɗi a inda ba kowa, ko a hannun abokin gaba, kuma a takardar ƙididdiga sunan kwatabak za a rubuta.

Bayan miƙa ƙwallo, abin da mai jifa yake samu bai fi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba. Shi ya sa ake ɗaure takunsa da gudun masu cafewa, salon da koci Bill Walsh ya shahara da shi a ƙungiyar San Francisco 49ers a shekarun 1980. Taku uku baya na gajeren jifa ne, yadi biyar ko shida. Taku biyar na wanda zai juya a yadi goma zuwa goma sha biyar. Taku bakwai na nesa ne, kuma shi ya fi wahalar da masu katanga. Ƙafarsa ta baya tana dira ƙwallo take fita, tun mai cafewa bai waiwayo ba, domin gurbin da zai iso ake jefa wa. To mai cafewar da aka ce ya karya kwana a yadi goma sha biyu, ya karya a goma sha huɗu, ya ɓata jifa mai kyau. Wanda ya karya da lanƙwasa maimakon ya yanke kai tsaye ya ba mai gadinsa hanyar shiga gabansa.

Idan na farko a rufe yake, kwatabak zai koma kan na biyu, sannan na uku, ƙarshe ya sauke wa mai gudun da ke kusa da shi. Kowane kallo ɗan ƙyaftawar ido ne. Idon kansa makami ne: yakan kafe shi a hagu don ya ja mai tsaron baya can, sannan ya jefa dama. Akwai kuma mai cafewar da ya san ba shi za a ba ba, aikinsa ya zura da gudu iya ƙarfinsa ya kwashe masu tsaro biyu daga inda ɗan'uwansa zai shigo. Ya yi kasala, gurbin bai buɗe ba. Shi kuwa ba a taɓa jin sunansa a rahoto.

Masu katanga ma haka. Na ƙarshen hagu yana kare bayan kwatabak mai jifa da hannun dama, inda ba ya gani. Masu kai hari sukan yi musanya, ɗaya ya kutsa ciki ɗaya ya zagayo, kuma dole masu tarewa biyu su miƙa wa juna ba tare da magana ba. Riƙe rigar abokin hamayya tarar yadi goma ce. Shi kuma kwatabak in an rutsa shi ba zai watsar da ƙwallo yadda ya ga dama ba: ko dai ta faɗi kusa da wanda doka ta yarda ya cafe, ko ya fita daga tsakanin masu katangarsa ya jefa ta kai layin da aka fara. In ba haka ba, a ci shi tara ya kuma rasa dama ɗaya.

Misalin da ya fi dacewa da maganata shi ne Super Bowl na ranar 1 ga Fabrairu, 2015, a Glendale ta jihar Arizona. New England Patriots suna da 28, Seattle Seahawks 24. Marshawn Lynch, mai gudu da ƙwallo na Seattle, ya kai ƙwallo yadi ɗaya daga layin ci. Saura daƙiƙa 26, dama ta biyu, kuma Seattle tana da ikon tsayar da agogo sau ɗaya tak. Duk duniya ta zaci Lynch za a sake ba, sai kwatabak ɗin Seattle, Russell Wilson, ya yi jifa, Malcolm Butler, mai tsaron Patriots, ya cafe, wasa ya ƙare. Har yau ana cewa wauta ce. Ni ban ga wauta a zaɓin jifa ba, domin jifan da ya faɗi ƙasa yana tsayar da agogo, gudu kuwa ba ya tsayarwa, kuma mai son cin moriyar dama ukun da suka rage da wuya ya kauce wa jifa ɗaya.

Inda abin ya lalace shi ne gefen dama. Masu cafewar Seattle biyu ne a can: Jermaine Kearse yana gaba, Ricardo Lockette yana bayansa. Tsarin shi ne Kearse ya kutsa gaba ya tare wa Butler hanya, Lockette ya yanko ciki ta ƙarƙashinsa. Sai mai tsaron Patriots Brandon Browner, wanda tsohon ɗan wasan Seattle ne kuma ƙato, ya cafke Kearse a kan layi ya hana shi motsi. Doka ta yarda da irin wannan turereniya a cikin yadi biyar na farko. Hanya ta zama fetal ga Butler, sabon shiga da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a zaɓen 'yan wasa na 2014. An gwada masa wannan tsari a atisaye, aka ci shi, kocinsa Bill Belichick ya ja masa kunne. Da ya ga an jeru haka, bai jira ba, ya ruga gurbin ya riga Lockette isa. A ganina Wilson yana da nasa kason, don da ya sauke ƙwallon ƙasa-ƙasa cikin jikin Lockette da wuya wani ya kai gare ta. Amma wanda ya ba da labarin nan bai ambaci Browner ba, bai faɗi dalilin cafewar ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne idan za a kawo rahoton jifan da aka ci da shi ko wanda aka cafe, a ƙara jimla biyu: mutum nawa suka afko wa mai jifa, wane irin gadi aka yi, kuma wa ya buɗe ko ya toshe hanya. Zai kuma yi kyau a ware fili guda a yi bayanin nau'in wasan da ake cire ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum, tunda za a buga shi a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, mutum biyar-biyar, kuma kusan dukkansa jifa ne da cafewa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai bibiyar filin wasanni