Mai son rage ƙiba ya fara da lissafi kafin ya sayi shayi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu kashe kuɗi a kan shayin rage tumbi, alhali ba su san abincin da jikinsu ke buƙata a rana ba.

Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma tun 1990 akwai lissafin Mifflin-St Jeor da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi. A ninka nauyi na kilo sau 10, a haɗa da tsayi na santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Mace mai shekara 35, kilo 80, tsayi santimita 160, za ta samu kalori 1,464. Wannan shi jiki ke ƙonawa ko da kwance ta wuni. Sai a ninka da 1.2 ga mai yawan zama, 1.375 ga mai ɗan zirga-zirga, 1.55 ga mai motsa jiki matsakaici. Idan tana aikin gida da tafiyar ƙafa, buƙatarta kusan 2,000 ce. Ta rage 500 a rana, za ta sauke kusan rabin kilo a mako, domin kilo guda na kitse ya kai kalori 7,700.

Inda lissafin ke rushewa shi ne mai. Jama'a na rage malmalar tuwo su manta da abin da aka zuba a miya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. Babban cokali na man gyaɗa, manja ko man shanu ya kai 120, ballantana ludayi. Ga ƙosai da masa da ke shan mai a wurin suya, ga lemon kwalba mai santilita 50 da ya kai kusan 200 kuma ba ya ƙosarwa.

Adadin nan ƙiyasi ne. A hau sikeli da safe kafin karin kumallo, sau ɗaya a mako. In mako uku ya wuce babu canji, a ƙara rage 150. Nauyi na sauka buƙata na raguwa, don haka a sake lissafi bayan kowane kilo 5.

Ina roƙon mata kada su yi ƙasa da 1,200 ba da sanin likita ba. Mai juna biyu, mai shayarwa da mai ciwon suga da ke shan magani su ga likita tukuna.

Wassalam,
Ma'aikacin lafiya a fannin abinci, Kano