Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Ƴan Ƙungiyarmu ta Masu Ciwon Jijiyoyi da Iyalansu, Maraɗi

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena ƴan ƙungiya.

Biro ya ɗora mini rubuta rahoton bana a matsayina na magatakarda. Lissafin kuɗi Hajiya ma'ajiya za ta karanto shi dalla-dalla ranar babban taro, da takardun shaida a hannunta, don haka ba zan cika ku da alƙaluma ba. Abin da na fi so in warware shi ne dalilin da ya sa muka juya akalar asusun taimako daga sayen magungunan ƙarin ƙarfi zuwa biyan kuɗin gwaji. Na san akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba, kuma haƙƙinsu ne a yi musu bayani.

Kafin nan, muna sake miƙa ta'aziyya ga iyalan waɗanda muka rasa cikin shekarar. Allah ya jiƙansu, ya sa jinyar da suka sha ta zama kaffara.

Ziyara, rediyo da kayan tafiya

Taron wata-wata bai yanke ba, ko da azumi ya kama a watan Maris. Mata masu ziyarar gida sun zagaya unguwannin cikin gari, sun je Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji da Tasawa. Dakoro ce ba mu kai ba da damina, sai waya. An gyara kekunan guragu da suka lalace, an raba sanduna, kuma wani maƙeri ɗan unguwarmu ya ƙera wa masu bukata ƙarfen dafawa a makewayi bai karɓi ko dala ba. Allah ya saka masa.

Ranar Juma'a 30 ga Mayu, ranar da duniya ta keɓe wa cutar zaizayar rigar jijiyoyi, wadda likitocinmu ke rubuta SEP a takarda, mun samu fili a wani gidan rediyo na garin nan. Yawancin masu bugo waya shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini suke kwatantawa, ko shan inna na ƙuruciya. Amma akwai ƴan kiraye-kirayen da suka sa likitar da ke tare da mu ta gyara zama: budurwa ko matashiyar uwa, ido ɗaya ya dushe da zafi in ta juya shi, bayan makonni ya washe, sai kuma bayan shekara ƙafa ta yi nauyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Ciwon da ke zuwa ya tafi ya dawo, a gidajenmu iska ake ce masa ko jifa. Ba mu hana kowa addu'a da rubutu ba, mu ma muna yi. Roƙonmu kawai a haɗa da zuwa likita tun a karon farko.

Bazara

Watannin Afrilu da Mayu su ne mafi wuya ga marasa lafiyarmu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuran kuma na yankewa. A bara da yawa sun tsorata, suna zaton ciwon ne ya sake tashi, har wasu suka nufi masu tallar magani suka sayi ƙwayoyin kotizon suna sha ba ƙa'ida. Bana mun yi zama na musamman a kan haka. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin masu wannan cuta yakan dushe in sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumamar jiki ce ke jawo haka. Jijiyar da rigarta ta zaizaye ba ta iya isar da saƙo in jiki ya ɗumama ko da kaɗan ne, in ya huce ta ci gaba da aikinta. Masassarar sauro da ciwon mafitsara ma haka suke yi. Tashin ciwo na gaskiya shi ne sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, ta wuce awa 24 babu zazzaɓi. Wannan shi ake yi wa ƙarin ruwa na kotizon mai ƙarfi kwana uku zuwa biyar, kuma likita ne ke yanke hukuncin. Saboda haka muka ce: ruwan randa, jiƙaƙƙen zane a wuya, inuwa da tsakar rana, a gwada jini a ga ko sauro ne. Masu ziyara sun ce firgicin bana bai kai na bara ba.

Zaman karatu

A nan zan daɗe, domin daga nan shawarar asusun ta fito. Likitar da ke taimaka mana kyauta, tare da wasu ɗaliban likitanci na jami'ar garin nan, sun riƙa ware mana lokaci a ƙarshen kowane taro suna fassara abin da masu bincike suka gano.

Cutar ba sabuwa ba ce. Jean-Martin Charcot ya siffanta ta a Paris tun 1868. Ƙidayar duniya ta 2020 ta samu mutum miliyan 2.8 da ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai lokacin aure da haihuwa da neman abinci. An daɗe da sanin cewa garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa farin kitsen da ke naɗe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da ido. Abin da ya gagara shi ne gano mai tunzura ta.

A Janairun 2022 masu bincike na Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Alberto Ascherio, suka fitar da aikin da suka yi kan jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10 da aka riƙa ɗiba ana ajiyewa daga 1993 zuwa 2013. Cikinsu 955 cutar ta kama suna bakin aiki. An iya auna jinin 801, kuma dukansu in ban da mutum ɗaya, ƙwayar cutar Epstein-Barr ta riga ta shiga jikinsu kafin ciwon ya bayyana. Haɗarin ya ninka sau 32 bayan shigarta. Sauran ƙwayoyin da aka duba ba su nuna haka ba.

Da aka karanta wannan, wata uwa daga cikin iyayenmu ta tambaya ko ta ware wa ɗiyarta kwano da kofi. Amsar ita ce a'a, kuma ina so kowa ya kai ta gida. Kusan 95 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya. Ta miyau ake ɗaukarta, a ƙasashenmu tun ana goye, kuma mafi yawa har su mutu ba ta yi musu komai. Ita SEP ba a ɗaukarta daga mutum. Sai ƙwayar ta haɗu da wasu abubuwa: irin halittar da mutum ya gada, inda aka gano wurare fiye da 200 masu ƙara haɗari kaɗan-kaɗan, da shan taba, da ƙiba tun ƙuruciya, da ƙarancin bitamin D. Gadon ma ba irin na sikila ba ne, yawancin ƴaƴan masu cutar lafiyarsu lau. Na faɗi wannan ne saboda mun ga auren da aka fasa a kan tsoron da ba shi da tushe, kuma abin ya ƙona mana rai.

Ita kanta ƙwayar Epstein-Barr daga nahiyarmu aka gano ta. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya siffanta wani ciwon dajin muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958, kuma cikin tsokar da aka aika Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gan ta a 1964.

To yaya ƙwayar da ke maƙale a jini take jawo wa jijiya? A watan da Harvard ta yi magana, masu bincike na Stanford suka nuna cewa wani yanki na jikin ƙwayar ya yi kama da wani sinadari na cikin ƙwaƙwalwa mai suna GlialCAM. Garkuwar jiki sai ta yi irin ta ɗan bangar da aka kwatanta wa ɓarawo, ya je ya damƙe ɗan gida don sun yi kama. A wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na marasa lafiyar da suka duba suka ga haka, ke nan akwai sauran bayani a gaba. Amma an san maɓoyar ƙwayar har ƙarshen rayuwa ita ce ƙwayoyin B na garkuwar jiki, kuma nan ne maganar ta haɗu da magani.

Shekaru da dama ƙwayoyin T, wani rukunin na garkuwar jiki, su kaɗai ake ɗora wa laifi. Stephen Hauser na Kalifoniya ya gwada rituximab, maganin da aka yi don ciwon dajin jini, wanda ke share ƙwayoyin B. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna sabbin tabo a hoton ƙwaƙwalwa sun ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Daga nan aka samu ɗan uwansa ocrelizumab a 2017, mai tsadar da ba ta aljihunmu ba ce. Likitocin Suwidin kuwa suka riƙe tsohon. A gwajin da suka fitar a 2022, cikin shekara biyu ciwon ya tashi ga kashi 3 cikin 100 na masu karɓar rituximab, ya tashi ga kashi 16 na masu shan wata ƙwaya da aka saba bayarwa. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab da cladribine da glatiramer cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, karon farko da aka sa maganin wannan cuta. A bana aka ba Ascherio da Hauser kyautar kimiyya ta Breakthrough tare. Nobel ta likitanci a Oktoba ita ma garkuwar jiki ta bi: Shimon Sakaguchi, Mary Brunkow da Fred Ramsdell, kan ƙwayoyin T masu tsawatar wa sauran kada su taɓa jikin mai su. Wannan fata ne na gaba, bai zama maganin da za a rubuta wa ɗanmu ba tukuna. Duk wanda ya ce muku yana da maganin warkewa kwata-kwata a WhatsApp, kuɗinku yake so.

Dalilin juya asusun

Magungunan nan suna hana sabuwar ɓarna. Ba su mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Wanda aka gano ciwonsa yana tafiya da ƙafarsa, akwai kyakkyawan zaton ya ci gaba da tafiya. Wanda ya yi shekaru yana yawo tsakanin masu magani, keke kawai za mu iya ba shi.

Sannan kama da wane ba ta wane. Akwai wata cuta da Eugène Devic ya siffanta a Liyon a 1894, mai kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi SEP zafin hannu, kuma ta fi yawa ga baƙar fata fiye da Turawa. An daɗe ana ɗaukarta reshen SEP, sai a 2004 da 2005 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamarta ta daban a jini. Bambancin ba na suna ba ne kawai: interferon, ɗaya daga tsofaffin magungunan SEP, ƙara wa mai cutar Devic ciwo yake yi. Rituximab kuwa ana amfani da shi ga duka biyun. Akwai kuma tarin fuka na ƙashin baya, da cutar sida, da ƙarancin bitamin B12, duk suna iya nakasa ƙafa, kowanne da maganinsa. Ba a rarrabe su da ido. Sai hoton IRM mai nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, da ɗibar ruwan baya, da gwajin jinin da wani lokaci sai an aika waje.

A da, kuɗinmu a kan kwalaben bitamin da man shafawa suke ƙarewa. Kowa ya samu ɗan abu, babu wanda ya san sunan ciwonsa. Bana fiye da rabin asusun ya tafi ga kuɗin mota da masauki da gwaji na waɗanda likita ya tura Yamai, ko suka zaɓi Kano don ta fi kusa. Mutane kaɗan ne suka amfana, ban ɓoye ba, kuma na fahimci ɓacin ran wanda ya saba karɓar kwalbarsa. Amma cikin waɗanda suka je akwai wadda aka shekara ana ce mata SEP, ashe Devic ce, akwai kuma wanda nasa tarin fuka ne na ƙashi, yanzu yana shan magani yana takawa. A ganina wannan ya isa hujja, sai dai hukuncin na babban taro ne.

Gargaɗi ɗaya da likitarmu ta nanata. Rituximab na iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, har ya kai ga halaka, kuma wannan ciwo ya yi yawa a ƙasarmu, da dama na ɗauke da shi ba su sani ba. Kada wanda ya yarda a sa masa shi ba a gwada hantarsa ba, ba a duba tarin fuka ba. Allurar rigakafin da ta rage a yi ta kafin a fara. Maganin kuma sai a firigo tsakanin digiri 2 da 8, saboda haka wanda aka ɗauko a jakar hannu daga nesa cikin zafin nan ba abin amincewa ba ne, kome arharsa.

Abin da ke gaban taro

Biro zai kawo shawarar a ci gaba da wannan tsari a 2026, a kuma keɓe wani kaso don gwajin hanta ga duk mai jiran magani. Muna so mu rubuta wa hukumomin lafiya na jiha kan samar da rituximab ta hanyar da ta dace, tun da yana cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. Muna neman mata biyu da za su riƙe ziyarar Dakoro da Mayahi, da mai babur da zai riƙa ɗauko waɗanda ba su iya hawa kabu-kabu su kaɗai. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga Hajiya kafin ranar, wanda kuma ba shi da hali ya faɗa mata a asirce, ba za a karanta sunansa ba. Kowane mara lafiya ya zo da takardunsa duka, tsofaffi da sabbi, har da na gwajin da yake ganin ba su da amfani, domin ɗaliban za su taya mu tsara wa kowa kundinsa bayan an tashi.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya, a madadin biro
Maraɗi