Zuwa Ga Aminina: Baƙin Bel Ya Shiga Hannu

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe gari.

Albishirinka! Baƙin bel ɗin karetin nan da ka daɗe kana yi mini tsiya a kansa, Allah ya nufa na ɗaura. Ranar Asabar da ta wuce aka yi mana gwaji. Na san tambayarka ta farko: bulo nawa na fasa? Ko ɗaya. Finafinan gidan kallo ne suka cika mana kai da wannan tun muna yara.

An fara da kihon, wato naushi da tarewa da shuri, ana kai gaba ana dawowa har ƙafa ta fara rawa. Faɗan gwaji da ake kira kumite shi ne na ƙarshe, kuma bai dame ni ba, wanda ya tashi yana kallon dambe ai naushi ba baƙonsa ba ne. Inda aka sha wuya shi ne kata, wato jerin motsin da ake haddacewa a yi bi da bi. Kai kaɗai a tsakiyar fili, ba abokin karawa, alƙalai sun zuba maka ido. Na yi Bassai Dai, mai motsi 42, kuma dole inda ka fara nan za ka ƙare. Ina gamawa, ban ko huce haki ba, sai babban cikinsu ya ce in yi ɗaya daga cikin Heian, katar da ake koya wa 'yan koyo. A nan ya fi tsura mini ido: yadda na dasa ƙafa, juyin ƙugu, fitar numfashi. Wani ɗan'uwanmu da ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, a nan aka ce ya dawo wani zagayen.

Ka san shi kansa bel ɗin aro ne. Daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan wasan ya fito, Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, sannan ya ɗauko tsarin bel daga wajen Jigoro Kano mai judo (ba Bakano ba ne, kada ka fara). A 1924 Funakoshi ya ba ɗalibansa baƙin bel na farko. Irin nasa salon, Shotokan, shi muke yi. Nawa matakin shi ne shodan, na ƙasan ƙasa a cikin masu baƙi. Kamar saukar allo ce: an yi walima, gobe da asuba ka koma tilawa. Tuni ma malam ya ɗora mini ajin yara, kuma wallahi tsayar da ɗan shekara bakwai a layi ya fi gwajin wahala.

Batun gasar Olamfik da ka taɓa tsokanata da shi kuwa, ka kwantar da hankalinka. Sau ɗaya aka sa kareti, a Tokyo a 2021, kuma ba a sa shi a ta Faris a 2024 ba.

Ka ce yaronka na son shiga. Ka kai shi, amma ka fara zuwa da kanka ka zauna ka kalli darasi. In ka ji malamin na alkawarin baƙin bel cikin shekara guda, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani wurin.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Hajiya ma tana gaishe ka, ta ce ka yi nisan kiwo da yawa, ko Sallah ka leƙo mu.

Naka har kullum,
Amininka