A bar yara su taɓa ƙasa a makarantun firamare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Kirana ga malaman firamare shi ne su daina korar yara daga wasan ƙasa lokacin tashin tara.

A dubi dara. Gurbi 30 ake tonawa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa, jeren huɗu kuwa ba ya ci. Lissafi ne da hangen nesa, ba a kashe ko kwabo ba.

Haka ginin yumɓu. Yaron da ya shanya saniyarsa a rana zai tarar ta tsage, domin bayanta ya riga cikinta bushewa. Inuwa take so.

Sai dai malami ya fara duba wurin, kunama na son ƙarƙashin dutse.

Wani mai karatu, Zariya